Sawun Gwaggo a Kan Yashi

Tsibiri, ranar Lahadi

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai dai kaikayin gishiri a ƙafa, wanda duk mai aiki a bakin teku ya saba da shi.

Yaya, kin kusa kashe ni a tsaye. Litinin ɗin da ta wuce ina kan gadar katako ina sauke kayan abinci daga jirgi, sai na ji an ce daga bayana, "Babana, haka ka rame?" Duk duniya mutum ɗaya ke kirana da wannan sunan. Na waiga, buhun shinkafa ya zame daga kafaɗata, saura ƙiris kifaye su yi walima. Gwaggo ce da kanta, riƙe da lema, tana harare-harare kamar ta zo duba aikin wani. Shekara uku ina aiki a masaukin nan, ban taɓa ganin wanda na sani ya sauko daga jirgin nan ba. Sai ki aiko mini mahaifiyarki, wadda ta goya ni, hutun wata guda, babu ko gargaɗi? Takardar da kika ba ta layi biyu ce: shekara arba'in tana taka keken ɗinki ba ta taɓa hutawa ba, kada in bari ta taɓa allura. To na ji.

Amma kin san inda kika turo ta kuwa? Nan ba mota, ba kasuwa, ba sabis. Ana shigowa Manaja ke karɓar wayar kowa ya kulle a akwati, wai shirun shi ne abin da baƙi suka zo nema. Shi kaɗai ke da rediyon oba-oba a ofis, wadda yake magana da ofishinmu na tashar jirgi da ita. Da ya miƙo hannu, Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, laifin me na yi?"

Washegari na kai ta bakin ruwa. Ta ga baƙi kwance jere a rana sun shafe jiki da mai. Ta kama hannuna ta ce, "Wa ya shanya waɗannan bayin Allah?" Akwai wani dattijo da ke zama a kujera ɗaya yana kallon teku tun safe har azahar. Ta ce, "Rasuwa aka yi masa?" Na ce a'a, hutu yake yi. Ta ce, "Allah dai ya ba shi haƙuri." Ta ƙi hawa ragar lilo, wai ita ba kifi ba ce. Ɗakinta na da taga mai kallon ruwa, amma ta ja labule don ta duba ɗinkin bakinsa, kuma ta ce wanda ya yi shi bai ji tsoron Allah ba.

Abin da ya fi girgiza ta shi ne aikina. Ban taɓa faɗa muku dalla-dalla ba. Kullum bayan sallar asuba ina ɗaukar manjagara in share yashin bakin teku daga duwatsu har gindin kwakwa na ƙarshe, don baƙi su tashi su ga kamar ba wanda ya taɓa takawa. Ta ce, "Yashi kake sharewa? A kan yashi? Ka kai shi ina?" Na ce ba yashin nake sharewa ba, sawun mutane ne.

Aikin ba ya ƙona rai in ka saba. Kin san ban wuce aji biyar ba, amma yashi littafi ne da nake iya karantawa. Kafin in share, ina sanin wa ya fita da matarsa suka dawo kowa da hanyarsa, wa ke da ciwon gwiwa, inda ƙaguwa ta tsorata wani ya yi tsalle. Gwaggo kan fito tafiya da sassafe, ni kuma ina biye daga nesa ina sharewa. Sawunta gajere ne mai nauyi a dunduniya, irin na masu taka keke. Sai dai na lura babban yatsanta na hagu yana ɗan jan layi a yashi kafin ƙafar ta sauka, kamar tsawon ashana. Na dama ba ya yi. Ko haka take tafiya da can? A kan siminti ba a gani, shi ya sa nake tambaya.

Jirgi Litinin kawai yake zuwa, ya juya a ranar. Ki ba direban masaukinmu da ke kawo kaya tasha amsa kafin Asabar.

Naki,
Shiru


Gida, ranar Alhamis

Zuwa ga Babban Injiniyan Yashi,

Gaisuwa da jinjina. Muna lafiya, sai ƙaramar da ke haƙori ta hana kowa sakat. Maigida yana gaishe ka, ya ce ashe kana da baki, a takarda ne kawai yake buɗewa.

Na karanta wasiƙarka a ofis, na yi dariya har shugabana ya leƙo. "Wa ya shanya su!" Wallahi kamar ina jin muryarta. Da na gaya maka tana zuwa, da ka gaya mata gaskiyar wurin, ita kuma da ta ƙi. Shi ya sa na yi shiru, na ari halinka na kwana biyu.

Maganar yatsa kuwa, Malam Shiru, ka nemi wata. Kai ne fa ka taɓa tare ni a ƙofar gida da fuskar ta'aziyya ka ce akuya ta cinye takardar sakamakona, na yi kuka har da majina, alhali tana aljihunka. Kai ne ka ce mai neman aurena ya zo da sanda yana ɗingishi. Yanzu ka zama likitan sawu? In ma akwai layin, ni na san dalili. Takalman da na saya mata na tafiya sun ɗara ƙafarta da lamba ɗaya, don ƙafarta kan kumbura. Takalmi ne ke ja. Shi ke nan, na warware maka bincikenka.

Ka bar wasa kaɗan in gaya maka wani abu. Tun rasuwar Baba matar nan ba ta ɗaga kai daga keken nan ba. Da shi ta yi mini makaranta, da shi ta ciyar da kai. Duk abin da na saya mata sai ta bayar. Wannan ne karo na farko da na yi mata abu ta karɓa, kuma sai da na yi wata uku ina lallashi. Ina so ta yi kwana talatin ba wanda ya ce mata "Gwaggo, rigata." Don Allah kada ka sa mata damuwa a rai, kada ka sa mini.

Ka bincika jakarta. Ina zargin akwai gwangwanin alewa a ciki, kuma ba alewa ce a cikinsa ba.

Ka ci abinci, ta ce ka rame.

Yayarka


Tsibiri, ranar Litinin

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ba ƙarama lafiya. A kan buhu nake rubutu, jirgi na sauke kaya, ki yi haƙuri da hannuna.

Ba wasa nake yi ba. Na san ni na ɓata sunana a wurinki, amma wannan karon ki ajiye akuya a gefe.

Ba takalmi ba ne. Tun kwana na uku Gwaggo ta tura takalmanki ƙarƙashin gado, ta ce yashi ya fi su laushi. Babu takalmi take tafiya. Sawun da na gaya miki na ƙafa ne tsirara, har yatsu biyar ana ƙirgawa.

Gwangwanin yana nan, gaskiyarki. Na roƙe ta baƙin zare na ce zan ɗinke aljihu. Kullum in ta wuce, kafin in share, ina durƙusawa in shimfiɗa zaren a kan layin da yatsan ya ja, in yanke daidai tsawonsa. Ga uku na sa miki a cikin takardar nan. Mai ƙulli ɗaya na Talata ne, mai biyu na Alhamis, mai uku na safiyar yau. Ki jera su a kan tebur. Na farko bai kai yatsa ba. Na yau ya wuce tafin hannuna. Takalmi ba ya girma, Yaya.

Akwai saura. Ranar Juma'a kofin shayi ya suɓuce daga hannunta na hagu, ta ce santsi ne. Jiya ta miƙo mini allura ta ce in zura mata, wai hasken teku ya kashe mata ido. Gwaggo fa, wadda ke zura allura tana faɗa da mai kawo ɗinki ba tare da ta duba ba. Na kalli hannun, ba idon ba ne, yatsun ne ba sa riƙewa. Tana ɗaure kallabi tamau tana cewa rana ce ke sara mata kai. Ana gama karin kumallo sai barci ya ɗauke ta a kujera, matar da ta ce barcin safe na marasa sana'a ne. Shekaranjiya ta tambaye ni sau biyu a zama ɗaya ko na yi aure.

Na je wurin Manaja na ce ya kira tasha a turo jirgin gaggawa. Mutumin kirki ne, ya tashi da kansa ya je ya gaishe ta. Sai ta miƙe zaune kamar sarauniya, ta ɓoye hannun hagu a cikin mayafi, ta yi masa fira, har ta gaya masa kafaɗar rigarsa ta karkace. Ya fito yana dariya ya ce, "Wannan uwar taka ta fi ni lafiya. In kira jirgi in ce me? Mai shara ya ga layi a yashi?" Ban ga laifinsa ba.

Da ya tafi ta kira ni. Ta ce, "Babana, ni na yi maka wanka, ba ka isa ka yi mini leƙen asiri ba. Yarinyar nan ta sha wahala kafin ta turo ni nan. In ka ɗaga mata hankali, ba ni ba kai." Na ce to. Ga shi ina rubuto miki. Ban taɓa saɓa mata ba sai yau.

Ban san sunan ciwon ba. Na dai san yana ƙaruwa kullum. Akwai abin da ya same ta kafin ta taho wanda ban sani ba? Ki nuna wa mai ilimi zaren nan. In ya ce shirme ne, na yarda ki kira ni duk sunan da kika ga dama har ƙarshen rayuwata.

Masu jirgi sun busa ƙaho.

Shiru


Gida, ranar Laraba

Shiru,

Muna lafiya. Ban da doguwar gaisuwa yau, raina a ɓace yake.

Na buɗe takarda zare ya zubo mini a cinya. Zare! Ina samun wasiƙarka na kira ofishinku na tasha, magatakarda ya kira Manaja ta oba-oba ina riƙe da waya. Ya ce Mama lafiyarta ƙalau, tana cin abinci, har ta gyara masa riga. To wa zan yarda da shi? Ko dai zamanta ne ya takura maka, kana jin nauyin baƙi su ga gwaggon mai shara a ɗaki mai kallon ruwa? In haka ne ka faɗa a fili. Wasa da lafiyar uwa ba wasa ba ne. Kwanan nan biyu ban iya aiki ba saboda kai.

Ranar Asabar

Shiru, ƙanena, kada ka karanta na sama. Na so in yaga, na bar shi don ka ga irin wautata.

Innalillahi. Maƙwabciyarmu nas ta shigo ɗazu karɓar dutsen guga. Zarenka na kan tebur, na nuna mata don ta taya ni mita. Na karanta mata wasiƙar ina kwaikwayon muryarka. Ba ta yi dariya ba. Ta jera zaren, ta ce in sake karanta wurin kofi da barci. Sannan ta ce, "Ta taɓa buga kanta kwanan baya?"

Shiru, ta buga. Ta faɗi. Wata guda kafin tafiyar, a banɗaki, ta bugi gefen kanta na dama da bakin baho. Ni na ɗaga ta. Ƙulu ne kawai ya fito, ya saɓe cikin kwana huɗu, ta ci gaba da ɗinkinta. Ta ce kada in gaya wa kowa, kar a ce ta tsufa. Ni ma ban so a gaya wa kowa ba, don kar tafiyar ta lalace. Ka tambaye ni a fili, na karanta layin, na tsallake shi kamar ba da ni kake ba.

Nas ta ce a tsofaffi jini kan iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan irin wannan faɗuwar, sai bayan makonni ya fara danne ƙwaƙwalwa. Ta ce in shi ne ana iya cirewa, amma ba ya jiran kowa. Ta ce a fito da ita yau, ba gobe ba.

Na sake kiran tasha. Sun ce iska ta tashi tun jiya, ba jirgin da zai fita, ko na Litinin ba tabbas. Na roƙi magatakardan ya gaya wa Manaja duk abin da nas ta ce, ya ce zai faɗa. Ban ji alamar yana rubutawa ba. Gobe da asuba zan hau mota zuwa tashar, in zauna a bakin ruwan har sai an samu hanya.

Ban san ranar da wannan takardar za ta same ka ba. Kai kaɗai ne a wurinta. Duk abin da ta ce maka, ni na ɗauki fushin.

Ka yafe mini.

Yayarka


Tsibiri, ranar Lahadi

Yaya,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jinya. Na iso lafiya. Ban san a wane hali takardar nan za ta same ki ba, shi ya sa ban san irin gaisuwar da zan yi ba.

A asibiti kin tambaye ni yadda aka yi ta yarda, na ce zan rubuto miki. Ga shi a rubuce. Wasiƙarki da kika danƙa mini a tasha sai a hanyar dawowa na karanta. Babu abin yafewa. Wanda ya saba ihun kura don wasa, ranar da ta zo shi ya jawo wa kansa.

Saƙonki ya iso ranar Asabar, amma ga yadda ya iso: "Ɗiyar Mama tana gaishe ta, ta ce a dawo da ita in jirgi ya samu." Ba faɗuwa, ba nas, ba jini. Gwaggo ta ce, "Ka gani? Kewata take yi."

Litinin jirgi bai zo ba. Teku ta yi baƙi, baƙi duk sun shige ɗaki, amma ita ba ta fasa fitowa ba, ni ma ban fasa awo ba. Ranar Talata zaren ya kai daga wuyan hannuna zuwa gwiwar hannu. Na ga roƙo ba zai yi ba, kuma ba ni da ƙarfin ɗaukarta dole. Sai na tuna abin da take faɗa wa masu gardama a shago: baki na ƙarya, awo ba ya yi.

Na shiga ɗakinta bayan karin kumallo. Na shimfiɗa farin zanen gado, na jera zare goma sha biyu, na kowace safiya ban da ukun da na aiko miki, daga ƙarami zuwa babba. Na ce, "Gwaggo, wani aiki aka kawo mini, ki duba mini awon."

Ta sunkuya. Ta ce, "Wane sakarai ne ya yanka wannan? Kullum ƙari yake yi." Ta ce in ɗauko tef ɗin awo a gwangwani, ta sa na riƙe mata baki ɗaya, ta auna na farko, ta auna na ƙarshe. Ta ce, "Wannan ba kuskuren almakashi ba ne, abin da ake aunawa ne ke girma. Na waye?"

Na ce, "Naki ne."

Na zaci mari zan sha. Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Sai ta ce in kama ta. Muka fita ƙarƙashin itatuwan kwakwa inda yashi ke da danshi, ta ce in sake ta. Ta yi taku goma ita kaɗai, ta juya, ta tsaya tana kallon bayanta. Iska na kaɗa mayafinta. Shekara arba'in tana duba layin ɗinkin mutane, ba ta taɓa duba nata ba.

Ta ce, "Wannan ɗinkin ya saki hanya. Da a shagona aka kawo mini shi, da na ce a farke." Sannan a hankali ta ce, "Na faɗi, Babana. A banɗaki. Je ka kira mai karkatacciyar kafaɗa."

Manaja ya zo, ya ga zaren, ya ga sawun, ta fito masa da hannun daga mayafi ta ce ya matsa. Fuskarsa ta canza. Ya kira tasha yana ihu, suka ce jirgi ba zai iya ba. Sai ya bi ni da gudu har ɗaya gefen tsibirin, wurin masunta. Akwai wani tsoho mai babban kwale-kwalen inji. Ya kalli sama ya daɗe, ya ce iskar za ta yi sanyi gobe da hantsi na ɗan lokaci, in mun shirya za mu bi ta tsakanin.

Sauran kin san ƙarshensa, ba ki san tsakiyarsa ba, kuma gara haka. Awa huɗu. Na kwantar da ita a kan katifa na rungume kanta kada ya bugu. Ruwa na shigowa, Manaja da kansa ke kwarfewa da bokiti. A tsakiyar hanya ta daina amsa mini. Na yi ta kiranta, sai can ta buɗe ido ta ce, "Ka bar mini ihu, hutu nake yi." Ita ce maganarta ta ƙarshe da na ji kafin na hango ki tsaye a kan gada.

Na ji likita na ce miki hoton kanta da aka ɗauka ya nuna abin da nas ta faɗa, kuma da an ƙara kwana biyu da labarin ya sha bamban. Na ga sun aske mata kai sun tura ta ciki. Ban so tafiya ba. Amma tsohon ba zai bar kwale-kwalensa a tasha ba, iska na shirin dawowa, kuma yana bukatar hannu biyu a kan ruwa. Mutumin da ya sa ransa dominmu, ba zan ce ya koma shi kaɗai da Manaja ba. Na baro ta ba ta farka ba.

Tun da na dawo ina share bakin tekun kamar kullum, sai wuri ɗaya. Takun nan goma na kife su da robobin wanki, na ɗora duwatsu. Jiya wata baƙuwa mai kyamara ta yi ƙorafi wai sun ɓata mata hoto. Na zaci Manaja zai ce in kwashe. Da safen nan na tarar ya ƙara roba ɗaya a inda tawa ta fashe.

Ki rubuto. Ko mene ne, ki rubuto shi yadda yake.

Shiru


Gida, ranar Alhamis

Malam Likitan Sawu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Muna lafiya, haƙorin ƙarama ya fito har biyu.

Na san an gaya maka ta oba-oba cewa ta farka. Amma ban ƙara yarda da bakin magatakardan nan ba, wataƙila cewa ya yi tana gaishe ka. To ga shi da hannuna: ta farka washegarin tafiyarka. Abin da ta fara tambaya shi ne wa ya aske mata kai, na biyu wa ya ɗinke wurin. Da aka nuna mata a madubi ta ce wa likita hannunsa ba laifi, amma ya yi nisa tsakanin allura da allura.

Ka yi haƙuri da makonni ukun nan da ban rubuto ba. Mun dawo gida Juma'ar da ta wuce. Hannun yana dawowa, jiya ta riƙe kofi har ta shanye. Na tashi zan roƙe ta gafara kan faɗuwar da muka ɓoye, ta ce mu biyu muka yi ɗinkin, mu biyu za mu farke, in tashi in ba ta wuri.

Ka san abin da ta sa maigida ya yi? Ya kawo baro uku na yashi ya zuba a tsakar gida. Kullum da safe sai in yayyafa ruwa in baje shi da katako, ta taka, ta juya ta duba. Ni ce mai shara yanzu. Kada ka yi dariya, ina jin ka daga nan.

Tana zaune kusa da ni, ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Babana. Na ce in ka faɗa ba ni ba kai. To na warware, amma kada ka saba. An ce ka kife sawuna da robobin mutane. Kwashe musu kayansu ka share wurin, ba na son a ajiye mini aikin da ya karkace. Saura kwana bakwai a hutuna, zan zo in ƙarasa, in taka maka sabo. Ka gaida mai kallon teku, ka ce na gane abin da yake yi. Kuma ka ci abinci."

Akwai abu a kusurwar ambulan, a naɗe cikin 'yar takarda. Ka buɗe a inda ba iska, kuma kada ka yi atishawa. Zaren awon safiyar yau ne, ita ta yanka da hannunta na hagu. Ni na ce bai kai ƙwayar shinkafa ba, ita ta ce ya kai. Mun bar maka hukunci.

Yayarka